Kaset ɗin Kaboyi da Ya Je Ikko

Ranar wata Asabar ce da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, a shekarar da nake aji huɗu na firamare a Roni. Ina zaune a tsakar gida na miƙe ƙafa cikin tulin harawa ina tsinkar gyaɗa, yatsuna duk sun yi baƙi da ƙasa, sai ga Inna, kakata ta wajen uba, ta fito daga ɗakinta da tabarma a hammata, ta ɗaura sabon kallabi kamar mai zuwa gidan suna. Ta dube ni ta ce, "Takwara, bar gyaɗar nan, wanke hannu ki ɗauko mini rikodar ubanki. Yau zan yi magana da Auta." Auta shi ne ƙanen Babanmu, ɗanta na ƙarshe, kuma a lokacin shekararsa uku a Legas, ko Ikko kamar yadda Inna take cewa, bai zo ba, bai aiko ba. Da safen nan ne Alhaji Sale mai safarar shanu ya leƙo ya gaishe ta, ya ce ya ga Auta da idonsa yana aikin lodi a kasuwar shanu a can, kuma shi bayan azahar zai wuce Babura ya bi mota, idan akwai saƙo a shirya.

Wanda bai riski wancan zamani ba zai ce me ya haɗa rikoda da saƙo. To, ita ce wayarmu. Idan mutum yana da ɗa ko 'yar'uwa a nesa, sai a samo kaset, a zaunar da shi gaban rikoda ya faɗi duk abin da ke ransa, a naɗe kaset ɗin a leda a ba matafiyi. Akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa, amma Inna ba ta yarda da su ba. Ta ce su sai ka faɗi magana da gishirinta su rubuta ta lami, kuma takarda ba ta iya kuka ba. Ita so take Auta ya ji muryarta, ya ji yadda tari ya fara cin ƙarfinta, ya dawo gida ta gan shi tun tana da sauran numfashi. Ba ta ɓoye wannan ba, kullum sai ta faɗa, har mun saba ji mun daina tsorata.

Babanmu malamin dabbobi ne. A kan babur yake yawonsa, yau Gwiwa, gobe Yankwashi, jibi wata ruga a bayan duwatsu, da akwatin allurai ɗaure a baya. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsari, irin wanda idan ka motsa masa takalmi daga inda ya ajiye sai ya gane. Bai damu da kwalliya ba, ba ya cin goro, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna daram, wato waƙoƙin Turawan karkara na Amurka, waɗanda 'yan boko ke kira kantiri, mu kuwa muke ce musu waƙoƙin kaboyi saboda hulunan mawaƙan. Abokinsa Mista Yohanna, wani ma'aikacin asibiti mutumin Filato da aka turo garinmu, shi ya koya masa. Kowace Lahadi bayan la'asar, Mista Yohanna ya taso daga coci ya huta, Baba ya dawo daga masallaci, sai su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, su zaro eriya har ƙarshe, su yi ta lalubar wata tasha mai nisa da ke karanto jerin waƙoƙin da suka yi fice, daga ta goma har zuwa ta ɗaya. Su yi ta gardama kan wadda za ta hau da wadda za ta faɗo, kai ka ce suna da gona a Amurka.

Baba yana da doka. Ba kowace waƙa yake ɗauka ba, sai wadda ta kai ta ɗaya, kuma sai ta kwanta masa. Idan aka zo kanta zai ɗora yatsu biyu a kan maɓallai, ya zare mana ido, ko akuya ta san ba a motsi a lokacin. Wani sa'in iska ta kwashe tashar ana tsakiyar waƙa, ya yi tsaki ya goge, ya jira wani makon. Da haka, shekara bakwai, ya cika kaset guda gaba da baya. Ya rubuta a jikinsa da jan biro, da ƙananan haruffansa masu tsayuwa ƙyam, sannan ya sa tsinken ashana ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na gindin kaset, waɗanda idan babu su rikoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kai. Bayan haka ba da daɗewa ba aka mayar da Mista Yohanna garinsu, tashar ma ta daina shirin. Kaset ɗin nan shi kaɗai ya rage masa daga waɗancan Lahadodi.

Na san mawaƙan da muryoyinsu tun ban san sunayensu ba. Akwai mai kaurin muryar nan da ke buɗe kaset ɗin, wanda ba ya sauri ba ya ɗaga murya, yana tafiya a hankali kamar amalanken shanu a kan yashi. Shi ne na hannun daman Baba. Akwai wani mai 'yar disasshiyar murya da ke ba da labari cikin waƙa, da wata mata mai zaƙin murya da Umma take so a ɓoye, da wani tsoho da kullum kamar yanzu ya gama kuka. Mun tambayi Baba me suke cewa, ya ce ba komai ba ne sai zancen hanya, da kewar gida, da ruwan sama, da matar da ta yi yaji. Inna ta ce ashe har can ma ana yaji. Ita tsokanarsa take yi, ta ce ɗanta ya rasa abin saurare sai mutum mai muryar bajimi, shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Inna, su ma makiyaya ne. Dubi hularsu." Aikina a wannan harka biyu ne, kuma ina alfahari da su fiye da ɗaukar na ɗaya a aji: shanya batira a rana a kan katanga don su farfaɗo, da zura biro a idon kaset in yi ta juyawa don kada a ɓata batir wajen mayar da shi baya. Duk gidan ni kaɗai Baba ya yarda in taɓa kaset ɗin. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ma Ummi yake kirana.

Kuma kaset ɗin nan ne ya kori Baffa Auta. Ina ƙarama sosai amma ban manta ba. Da damina ne, ana maimai, wato noma na biyu, Baba ya tafi aiki ya bar masa gona, shi kuwa ya sungumi rikoda ya tafi wurin mai shayi don ya burge abokai. Rikoda ta tauna zaren. Da Baba ya dawo ya tarar da ciyawa ta cinye gero, ga zaren kaset a waje kamar hanjin kaza, sai ya bi shi har teburin mai shayin, a gaban sa'anninsa ya ce masa hannunsa bai taɓa taɓa abu ya gyaru ba, kuma gidan nan ba zai rasa komai ba idan babu shi. Zaren dai Baba ya yanke ya haɗa da jan farcen Umma, ya ci gaba da aiki. Baffa Auta kuwa kwana biyu bayan nan ya bi motar shanu. Daga ranar ba a ambatar sunansa idan Baba yana gida, sai Inna, ita ma ƙasa-ƙasa.

To, a wannan Asabar ɗin Baba yana Gwiwa wajen rigakafin shanu, sai Litinin zai dawo. Na ɗauko rikoda, na buɗe gwangwanin da yake ajiye kaset-kaset, sai na tarar guda uku ne kacal: biyu na karatun Alƙur'ani, ɗaya na kaboyi. Sabon kaset sai an je Kazaure, ga rana ta ɗaga, ga Alhaji Sale ba zai jira ba. Umma tana gona. Na tsuguna na yi lissafina na 'yar shekara tara. Maganar Allah dai ba a goge ta. Waƙa kuwa waƙa ce. A tunanina kaset kamar allo yake, a wanke yau a sake rubutu gobe, kuma waƙoƙin suna nan jibge cikin rediyo, duk ranar da Baba ya ga dama zai sake kwasowa. Da na danna jan maɓalli ya ƙi shiga, ban tsaya na ce wannan gargaɗi ne ba. Ai ni gwana ce. Na taɓa ganin yadda ake yi, na yagi takarda daga littafin lissafina, na tauna ta ta yi laushi, na cusa a ramukan nan biyu. Na fara kunna shi don in tabbatar batir na da rai, mai kaurin muryar nan ya fara waƙarsa, ya yi baiti ɗaya ya shiga na biyu, sannan na tsayar, na danna maɓallai biyu tare, na ce, "Inna, bisimilla."

Ta yi gyaran murya sau biyu, ta gyara kallabi kamar yana kallonta. Ta yi sallama, ta jira kamar za a amsa. Sannan ta fara. Ta gaya masa wanda ya mutu da wanda ya haihu, da yadda gyaɗa ta yi kyau bana, da tunkiyarsa da ya bari ta zama garke. Ta yi masa faɗa, ta yi masa addu'a, ta koma faɗan. Can muryarta ta karye ta ce, "Auta, ni ban ce ka zo da komai ba. Ka zo da ƙafafunka." Ta yi tari mai tsawo, rikoda ta ɗauke shi duka. Kafin fuskar farko ta cika labari ya zaga unguwa, kuma a al'adarmu ba a aika kaset maƙwabta ba su sa baki ba. Na juya shi, mata suka yi layi. Kowace sai ta faɗi sunanta, ta ce ko ya gane ta, ta gaishe shi da aiki, ta ce ya ji tsoron Allah ya tuna uwarsa. Wata tsohuwa ta sa bakinta dab da rikoda tana ɗaga murya saboda Ikko da nisa. Ni ma na ce Baffa ina gaisuwa, a taho mini da ɗankunne. Da aka gama, wutsiyar waƙar ƙarshe kaɗai ta rage a baya. Na naɗe shi a leda na kai wa Alhaji Sale da gudu, ina jin kaina kamar wadda ta yi aikin hajji.

Litinin da la'asar Baba ya dawo. Ya yi wanka, ya ci tuwo, ya fito da tabarma gindin darbejiya, ya ce Ummi kawo rikoda. Sai da na ga ya buɗe gidan kaset ɗin ya tarar wayam sannan na fara gane girman abin da na yi. Na faɗa masa komai, har da takardar da na tauna, har da cewa ai zai iya sake ɗauka ran Lahadi. Bai dake ni ba. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana juya fankon robar a hannunsa, sannan ya ce, "Shekara bakwai, Ummi." Inna ta jiyo daga zaure ta ce, "Malam, ni na sa ta," domin ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya naɗe tabarmarsa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a ƙuruciyata. Aka gama gyaɗa, aka shiga yankan gero, aka ɗaure dammuna aka jera a rumbu. Ina zuwa makaranta, ina ɗebo ruwa, ina kai fura gona, da yamma ƙawayena su kira ni carafke ko 'yar gala-gala in je jiki babu ƙwari. Baba yana amsa gaisuwata, yana sayo mini abin da yake sayo wa kowa, amma ya daina cewa in shanya batir, ya daina ɗora ni a tankin babur zuwa bakin kasuwa. Rikoda ta koma kan kabad aka rufe ta da ƙyalle. Wata rana na ji shi yana wanke babur yana bin waƙar mai kaurin muryar nan da hanci, da ya hango ni sai ya yi shiru. Na shiga bayan rumbu na yi kuka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu amsa daga Ikko. Alhaji Sale ya dawo ya ce ya damƙa wa Baffa Auta kaset ɗin hannu da hannu, shi ke nan. Tarin Inna ya ƙaru, ta rage fitowa, amma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ce in leƙa. Na ga na yi wa Baba asara, ita kuma ban samo mata komai ba.

Ranar da Baffa Auta ya zo ana sussukar gero ne, da rana tsaka, mata sun cika tsakar gida da turame. Wani dogon mutum ya yi sallama da 'yar jaka a kafaɗa, ya rame, ya yi baƙi, sai da Umma ta saki taɓarya sannan na gane shi. Abin da ya faru a ɗakin Inna ba zan iya rubuta shi ba, na dai ji tana ta cewa alhamdu lillahi tana shafa kansa kamar jariri. Da Baba ya dawo ya kafe babur a ƙofar gida, Baffa Auta ya fito ya durƙusa a gabansa. Ina raɓe a bakin zaure. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro kaset ɗin, jan rubutun nan yana nan a jiki, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Yaya, da Alhaji ya ba ni na ga rubutunka, ban yarda ba sai da na ari rikoda. Ina kunnawa na ji mutumin nan naka. Wallahi tun kafin Inna ta buɗe baki na fara hawaye. Na ce kaset ɗin da aka yi mini abin da aka yi saboda shi, yau Yaya ya goge shi da hannunsa don a kira ni. Ban da haka, ko zan mutu da kewar Inna, kunya ba za ta bar ni in tako gidan nan ba."

Baba ya karɓi kaset ɗin. Ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kaina. Na san halinsa, mutum ne da ba ya karɓar yabon abin da bai yi ba, ko allura wani ya yi wa saniya ta warke sai ya faɗi sunan mai yin. Na tabbata yanzu zai ce ba shi ya aika ba, ɓarnar yarinya ce, kuma na san idan ya faɗa, Baffa zai kwana ɗaya ya koma. Baba ya dubi ramukan nan biyu, takardata tana nan a cushe ta bushe ƙamas. Ya sa babban yatsa ya ƙara danna ta ciki. Sannan ya ce, "Ka sha hanya, Auta. Tashi. Ummi, kawo wa Baffanki ruwa."

Washegari da safe ya tayar da babur ya ce in hau. Mun wuce makaranta, mun wuce gonakin da aka girbe, sai kara a tsaye. Da muka kai gindin dutse ya rage gudu ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Na ce to. Can kuma ya ce, "Amma kada ki ƙara tauna littafin lissafi." Daga nan na san an yafe mini.

Inna ta ga daminar da ta biyo baya, ba ta kai lokacin girbinta ba. Baffa Auta ne ya riƙe ta a jinyar ƙarshe, shi ya noma gonar a shekarar, kuma hannun nan da aka ce ba ya gyara komai shi ya riƙe gidan har ya yi furfura. Bai taɓa sanin gaskiyar kaset ɗin ba, kuma da yana raye da ban rubuta wannan ba. Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, Baba ya sauko da rikoda daga kan kabad. Lahadi bayan la'asar sai ya fita gindin darbejiya shi kaɗai. Mai kaurin murya ya yi baitinsa ɗaya, ya shiga na biyu, a ji ƙarar maɓalli, sai gyaran murya sau biyu, sai sallama. Na sha ganin leɓen Baba yana motsi yana amsa mata. Bai taɓa mayar da shi baya don ya sake jin waƙar ba, bari yake ya tafi har kan tarin.

Yanzu Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, babur ya daɗe da komawa hannun jikoki. Rikoda ta mutu tuntuni, zaren kaset ɗin kuma ya manne da juna, mun kai wa masu gyara a Kazaure da Kano sun ce babu yadda za a yi. Da na je gida hutun da ya wuce, ɗana ya zauna kusa da kakansa da waya, Baba yana faɗin sunaye yana lalubowa. Cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba ya tara masa duk abin da ya yi shekara bakwai yana farauta, tas, babu shuuu ɗin iska, babu kukan akuya. Mawaƙan da yawa sun mutu, amma muryoyinsu ko ƙwarzane babu. Aka sa ta farkon. Baba ya jingina da darbejiya ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa. Da aka shiga baiti na biyu sai ya ɗaga hannu, ya karkata kunne, ya ce a hankali, "Nan ne Inna take shigowa." Ni ma ashe na riƙe numfashi ina jira. Baturen ya ci gaba da waƙarsa har ƙarshe, babu wanda ya katse shi. Ban taɓa jin waƙa cikakkiya mai giɓi irin wannan ba.